Akwatin Wasiƙu: Ɗalibaina Sun Raina Ni, In Kayar da Su?

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata yawancinsu a kan zaman malami da ɗalibai suka faɗa, sai na tsamo huɗu daga ciki. Na cire sunayen mutane da na makarantu kamar yadda muka saba, na kuma datse wasu don shafi ya ɗauka. Ga sababbin masu karatu da ke tambayar wane ne mai ba da amsa: tsohon malami ne, ya fara da firamare a ƙasar Argungu, daga baya ya koma koyar da aikin wutar lantarki har ya yi ritaya, yanzu yana zaune a Birnin Kebbi yana fama da gwiwa.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Shekarata 29, bara na fara koyarwa a wata makarantar gaba da sakandare, sashen lantarki. Wasu ɗalibaina sa'o'ina ne, akwai ma waɗanda suka girme ni, masu mata da 'ya'ya. In na shiga aji hira ba ta tsayawa, wasu suna ta latsa salula, wani ma sunana yake kira gatsau. Na gwada jan su a jiki da raha, abin ya ƙara lalacewa. Wani abokin aikina ya ce in kayar da rabin ajin a jarrabawar wannan zango, wai daga ranar za su san ni. Me kake gani? Daga wani sabon malami, Birnin Kebbi.

AMSA: Malam, kada ka ɗauki wannan shawara. Maki amana ne a hannunka. Ranar da ka kayar da yaron da ya ci don ka huce haushi, ka zalunce shi, ka zalunci uban da ya sayar da buhun shinkafa ya biya masa kuɗin makaranta, kuma za ka amsa a gaban Allah. Abokin aikinka ya yi gaskiya a wuri ɗaya, za su san ka. Za su yi tsit in ka shigo, su rusuna su gaishe ka a bakin ofis. In ka ba da baya kuma su laƙaba maka suna, sunan da zai bi ka har ritaya. Kowace makaranta tana da irin wannan malami, kuma ka lura, tsofaffin ɗalibansa in sun hango shi a kasuwa layi suke canzawa.

Ni tambaya ɗaya zan yi maka: yaushe rabonka da riƙe filaya a gabansu? Ba ka faɗa a wasiƙarka ba, amma na san yadda abin ke tafiya. Sabon malami yakan fito jami'a da lissafi cike da kai, ya shiga aji ya cika allo da dokar Ohm ta lissafin wutar lantarki, ya juyo ya ce a kwafa. To a ajin lantarki a garin nan, cikin waɗanda ke zaune a gabanka akwai wanda tun yana sakandare yake bin ogansa suna wayarin gidaje a Gesse da Badariya, akwai wanda da kuɗin haɗa sola yake ciyar da iyalinsa. Irin waɗannan hannunka suke kallo, takardarka ba ta dame su ba. Sun zo ne su ga yadda ƙwararre yake aikin, abin da oga na bakin titi bai iya nuna musu ba. In ba su gani a wurinka ba, sai su ɗauke ka mai raba maki kawai, su zauna jiran lokaci ya cika.

Wanda ya koya mini aikin hannu wani dattijo ne mutumin Zuru, tsohon soja. Ban taɓa jin ya ce a girmama shi ba, ban kuma taɓa ganin ya ɗaga wa wani hannu ba. Kafin mu iso ya riga ya buɗe ɗakin aiki, yana cikin rigar aikinsa, ya jera kaya a kan tebur. Da farko zai cire agogo da zobe ya ajiye. Ya je ya kashe babban makunni da hannunsa, ya zare fiyus ya jefa aljihu, don kada wani ya zo ya mayar da wuta yana tsakiyar aiki. Sannan ya ɗauki abin gwaji, ya fara taɓa shi a soket ɗin da ya san akwai wuta don ya tabbatar abin na aiki, ya gwada wayar da zai taɓa, ya sake komawa soket na farko ya gwada. Haka yake yi kullum, ko da makunni ɗaya zai canza. In ya fere waya, sai ya ɗaga ta ga haske ya duba ko wuƙa ta ciji jan ƙarfen. In ta ciza ko ƙanƙani, ya yanke ya sake. In ya ɗaure sukuru, sai ya sa yatsa biyu ya ja wayar. Wata rana ya ja wadda shi da kansa ya ɗaura, ta zame, muna tsaye muna kallo. Bai yi wani dogon bayani ba, ya kwance ya sake ɗaurawa, ya dubi na kusa da shi ya ce, "Kai, ja mu gani." Daga ranar babu wanda ya ƙara jin kunyar a kwance masa aiki. In an tashi, shi ke fara ɗaukar tsintsiya ya share guntayen waya, mu kuma kunya ta sa mu ƙwace.

Hira ba ta tashi a ajin mutumin nan, don babu mai son ya ɗauke ido daga hannunsa.

To ga abin da nake so ka yi. Mako mai zuwa ka mayar da darasinka ɗakin aikin hannu, ko da kayan ciki sun tsufa. In ma babu komai, katako ɗaya, makunni biyu, mazaunin ƙwai ɗaya da 'yan yadi na waya sun isa ka nuna fitilar da ake kunnawa daga wuri biyu. Ka yi ta gwadawa a gida da daddare har hannunka ya faɗa, sannan ka yi a gabansu. Daga nan sai ka kawo lissafinka, don a nan ne kake da abin da oga ba shi da shi. Yaron da ke wayarin ya san ana sa waya mai kaurin 1.5 a fitila, mai kaurin 2.5 a soket, amma tambaye shi dalili ka sha labari. Ka nuna masa da alƙalami yadda siririyar waya ke ɗaukar zafi in an ɗora mata hita ko dutsen guga har robar ta narke, ka haɗa masa da gobarar da ke cin kasuwanninmu da hunturu. Ka nuna masa aikin wayar ƙasa da suke tsallakewa don rage kuɗi, yadda take kwashe wutar da ta zube a jikin firji ta kai ƙasa maimakon ta bi ta jikin matar gida. Ka gaya masa me ya sa bolt 230 ta fi haɗari a zafin Afrilu, lokacin da jiki ke jiƙe sharkaf da gumi. Ranar da ya gane cewa lissafin allo shi ke bayyana abin da hannunsa ya daɗe yana yi a makance, da kansa zai kife salular.

Za su gwada ka, wannan dole ne. Wani zai ɗaga hannu yana murmushi yana satar kallon abokansa, ya ce, "Malam, wagga inbata da muka haɗa jiya, mi yas sa taka nuna wata lamba ta ɗauke wuta?" Kai kuwa ko ganin irinta ba ka taɓa yi ba. Kada ka yi kame-kame. Yawancinmu a nan a kan mazhabar Malikiyya muka tashi, kuma an ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki, shi da ake niƙo gari daga ƙasashe a zo wurinsa. Ka ce ba ka sani ba, ka ce gobe ya kawo takardar da ta zo cikin kwalin inbatar ku duba tare. Ko ya fito ya zana wa aji yadda ya haɗa, kai kuma ka yi bayanin dalilin kowane mataki. Amma fa gobe ta zama gobe. Duk "zan duba" da ba ta dawo da amsa ba, ɗalibai suna ƙirgawa.

Sauran abubuwan ƙanana ne, sai dai su ake gani kullum. Darasin ƙarfe takwas, takwas saura ta same ka a bakin ƙofa. Salularka ta fara shiga aljihu a kashe kafin ka yi wa wani maganar tasa. Na sha ganin malami yana amsa kira a tsakiyar darasi, "Ina aji, ina aji," bayan minti biyar ya kori yaro don tasa ta yi ƙara. Gwajin da ka ba su, ka duba ka mayar musu cikin mako biyu da jan biro a kai, kowa ya ga inda ya faɗi da dalili. Ka gaya musu tun farkon zango yadda za ka raba maki, kada ka canza don kowa, ko ɗan shugaban makaranta ne.

Batun raha kuma, Hausawa sun gama magana: ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Ba a hana malami dariya ba, amma ka daina zaman majalisa da su, kada ka ci bashin kati a hannunsu, kada ɗalibi ya biya maka kuɗin shayi. Wanda ke kiran sunanka, kada ka tanka masa a cikin aji. Kai ka fara kiran manyan cikinsu da Malam wane, Alhaji wane, yadda shekarunsu suka cancanta. Bayan darasi ka ja shi gefe ka ce, "A waje kai yayana ne, a nan kuwa aikin da aka ba ni nake yi, ka taimake ni." Magidanci mai hankali sau ɗaya ake gaya masa haka, kuma sau da yawa shi zai koma yana tsawata wa yaran.

Mahaifiyar Imamu Malik, da za ta tura shi karatu wurin malaminsa Rabi'a, cewa ta yi ya koyi ladabinsa kafin iliminsa. Ta san yaro malamin yake ɗauka gaba ɗayansa, da tafiyarsa da zamansa da yadda yake amsa magana. Nan kusa da mu kuma, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya zauna ya rubuta littafin Ida'un Nusukhi, yana jero malamansa ɗaya bayan ɗaya da abin da ya karanta a wurin kowa, tun daga mahaifinsa da yayansa Shehu Usmanu har su Malam Jibrilu ɗan Umaru. Lokacin ya riga ya kai inda ya kai a ilimi da mulki, babu wanda zai tilasta masa. Kai dai kada ka sa ran canji a mako guda. Ka ba abin zango ɗaya, ka sake rubuto mini.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce a wata makarantar koyon aikin lafiya. Muna da malamin da a aji yake cika mu da wa'azin wanke hannu, amma in mun je asibiti tare sai ya taɓa marasa lafiya biyar hannunsa bai ga ruwa ba. Bai fi sau uku yake shigowa a zango ba, kuma duk wanda bai sayi handawut ɗinsa ba ya san sakamakonsa tun kafin a yi jarrabawa. Na yi wa mahaifina ƙorafi, ya ce malami uba ne, in yi shiru. Wallahi na kasa ganin girmansa. Ina da laifi? Daga wata ɗaliba, ƙasar Gwandu.

AMSA: Ɗiyata, ba ki da laifi a kan abin da zuciyarki ta ƙi. Allah da kansa ya yi tir da faɗin abin da mutum ba ya aikatawa a farkon Suratus Saffi, kuma a Baƙara aya ta 44 ya tambayi masu umartar mutane da alheri suna mance kawunansu ko ba su hankalta. Mahaifinki ma yana da tasa gaskiyar. Ki gaishe da malamin, ki tashi ki ba shi kujera, kada ki zage shi a bayan ido ko a guruf ɗinku na WhatsApp. Wannan tarbiyyar gidanku ce, ko ya cancanta ko bai cancanta ba. Abin da ba ya binki bashinsa shi ne koyi, kuma nan haɗarin yake, don ɗalibi yakan raina malami da baki amma hannunsa ya kwaikwaye shi bai sani ba. Yau haushi kike ji. In ba ki yi hattara ba, nan da 'yan shekaru, kina ke kaɗai a ƙaramin asibitin ƙauye, mata sun yi layi har waje, rijiya da nisa, za ki ji bakinki yana cewa ai Malam ma ba ya wankewa.

Ki wanke, ko da ke kaɗai ce ke yi a ɗakin. A 1847, a babban asibitin birnin Viyana na ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Semmelweis ya lura masu jego sun fi mutuwa da zazzaɓi a ɓangaren da likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa fiye da ɓangaren ungozomomi. Ashe likitocin daga ɗakin fiɗar gawa suke fitowa su zarce kan mata. Ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka faɗo daga kusan kashi 18 cikin 100 a watan Afrilu zuwa kusan 2 a watan Yuni. Duk da haka da yawa daga manyansa a aikin, malaman wancan zamani ke nan, suka ƙi yarda da shi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a yau ita ce daƙiƙa 40 zuwa 60 da ruwa da sabulu, ko 20 zuwa 30 da man goge hannu na asibiti, kafin taɓa mara lafiya da bayan taɓa shi. A ƙasar da kwalara ke dawowa da damina, kamar yadda ta yi mana ɓarna a 2021, zazzaɓin Lassa kuma yana kashe har ma'aikatan lafiya, minti ɗayan nan rai yake tsarewa, naki da na wanda ke kan gado.

Sannan ki sa ido a asibitin da kuke zuwa. Kusan kowane ɗakin haihuwa yana da wata tsohuwar nas ko ungozoma da ba ta da ofis, ba ta shiga aji, amma in ta shigo kowa sai ya gyara tsayuwa. Za ki gane ta. Tana karanta sunan magani da ranar lalacewarsa kafin ta zuƙa a sirinji, tana jan labule kafin ta buɗe jikin mace, tana kiran mara lafiya da sunanta ba da lambar gado ba. Ki manne mata, ki riƙa ɗaukar mata tire, ki yi ta tambaya har ta gaji da ke.

Handawut kuwa, kada ki tunkare shi ke kaɗai, ya san inda zai kama ki. Ku haɗu da yawa, wakilin aji ya rubuta takarda cikin ladabi zuwa ga shugaban sashe, da ranakun da ya shigo da waɗanda bai shigo ba, da kuɗin da ake karɓa, ku ajiye kwafi. In kuma wata rana maganar ta tashi daga kuɗi ta koma "ki same ni ofis bayan magariba", to babu sauran batun shiru. Kada ki je, ki adana saƙonnin, ki gaya wa mahaifiyarki a ranar. A 2018 babbar kotun tarayya da ke Osogbo ta ɗaure wani farfesa shekara biyu a kan neman ɗaliba da maki. Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ce ta gurfanar da shi, kuma muryarsa da ɗalibar ta naɗa a salula ce ta tona masa asiri.

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce, maigidana ma malami ne. Albashi ba ya kai mu tsakiyar wata. Ina soya awara ina kaiwa makaranta, shi kuma yana kabu-kabu da yamma, har yakan ɗauki iyayen ɗalibansa su miƙa masa kuɗi. Wata ƙawata ta ce mun zubar da mutuncin malanta. Haka ne? Daga wata malama, Jega.

AMSA: Malama, ƙawar taki ta fara biya muku kuɗin haya tukuna. Sana'a ba ta taɓa zubar da mutuncin malami a ƙasar Hausa ba. Malaman zaure da muka taso muka gani, wani da allura da hula a hannu yake biya wa almajirai, wani sai ya dawo daga fadama ya wanke laka sannan a buɗe littafi, kuma manyan gari suna tuɓe takalmi a ƙofar zaurensu. Yau ma malamai nawa ne a Argungu da Suru da Bunza shinkafar rani ce ke riƙe da gidajensu? Roƙo shi ke zubar da mutunci, da bin iyayen yara ana a taimaka da na cefane.

Amma akwai iyaka, kuma a nan zan ɗan ɓata miki rai. Awara kada ta shiga aji. Ki samu wata ta zauna da ita a bakin ƙofa lokacin fita tara, wadda ba 'yar ajinki ba. Kada ki ba ɗalibi bashi, don ranar da kika fara bin yaro naira ɗari yana ɓuya, ba zai ƙara iya ɗaga ido ya dubi allo ba. Kada a aiki yara ɗebo ruwa ko kai niƙan waken suya a lokacin darasi. Maigidan ma haka, babur sai bayan an tashi, kada a riƙa gutsure awa biyu na ƙarshe. Malamin kuma da ke kwasar 'yan aji shida zuwa gonarsa da sunan darasin noma, yaran sun san gonar waye. Ɗan shekara tara ma yana gane malamar da ke sana'a don rufin asiri da wadda ta mayar da shi kasuwarta.

Ba zan bar wannan amsa ba sai na juya ga masu mulki, don yi wa mai jin yunwa wa'azi ba wuya. Wannan yanki ya san darajar alli. Sardauna ya koyar a Midil ta Sakkwato kafin ya shiga sarauta da siyasa, Shehu Shagari ya yi hedimasta a Argungu a farkon shekarun 1950, kuma a 2023 Kebbi ta zaɓi Nasir Idris, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa, ya zama gwamna. An yi dokar 2022 da ta kai ritayar malami shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, an kuma ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa zuwa naira 70,000 a 2024. Madalla. Amma Malama ta fi ni sanin abin da kuɗin ke sayowa a kasuwar Jega. Ga kuma malaman da ke kwana cikin fargaba tun abin da ya faru a Jangebe a Fabrairun 2021, da Birnin Yauri a Yunin shekarar, inda aka kwashi ɗalibai har da malamansu. Wanda ya ci gaba da zuwa aji a irin waɗannan wurare ya wuce a tara shi a ɗakin taro ana koya masa zama abin koyi. A biya shi a kan lokaci, a yi masa ƙarin girma in lokacinsa ya yi, a tsare masa makaranta.

TAMBAYA: Ina koyar da lissafi a wata sakandare a Zamfara. Duk shekara lokacin WAEC da NECO ana tara kuɗi, a ce in shiga in rubuta amsa a allo. Bana tun da wuri na ce ba zan yi ba. Yanzu ɗalibai ba su gaishe ni, suna cewa ni mugu ne. Anya ba girman nawa nake zubarwa ba? Daga malamin lissafi, Gusau.

AMSA: Malam, gaisuwar da suka janye dama ta ciniki ce. Malamin da ya rubuta amsa a allo mako guda ake yi masa kirari, daga nan duk abin da ya faɗa a kan gaskiya da riƙon amana dariya ake yi masa a ciki, don sun san nawa aka saye shi. Ni kuma na sha karɓar irin waɗannan yara a gaba. Kiredit ɗin lissafi na nan a takarda, amma ka ce ya raba 230 gida 10 sai ya hau laluben salula. Shi ne gobe zai yi wa wani wayarin gida, ko ya auna wa jariri magani.

Ka kuma duba kanka. Dokar satar jarrabawa ta 1999 ta tanadi ɗauri ga malami ko mai tsaron jarrabawa da aka kama, hukumomin jarrabawa suna soke sakamako su janye amincewa da makaranta, kuma hukumar rajistar malamai, TRCN, tana da ikon cire sunan mutum daga rajista. Ranar da ƙwai ya fashe, waɗanda suka raba kuɗin za su zame, rubutun da ke allo kuwa naka ne.

Sai dai ƙi kaɗai bai isa ba, don yaran tsoro ne ke cinsu, an daɗe ana gaya musu babu mai cin lissafi sai da taimako. Ka tara su ka faɗa musu a fili cewa ba za ka rubuta ba, amma za ka zauna da duk mai so bayan la'asar, kyauta, kwana uku a mako har ranar jarrabawa. Ka samo tambayoyin shekarun baya, ku fara da waɗanda ke dawowa kusan kowace shekara kuma suke da sauƙin kamawa, irin su kaso cikin ɗari, riba da faɗuwa, ƙididdiga da zanen girafi. Ka riƙa sa musu agogo kamar suna zauren jarrabawa. Wataƙila ranar farko mutum shida za su zo, ka koyar da shidan nan da zuciya ɗaya. Shugaban makaranta kuma ka sanar da shi matsayinka a rubuce tun yanzu, cikin ladabi, ka ajiye kwafi, ka roƙi a cire sunanka daga duk wani aiki a harabar makaranta ranar da za a yi lissafi. Ranar ka yi zamanka a gida, kuma kada ka ɗauki kiran kowa sai an tashi.